Shagon da ya tace mini ɗan littafin kirifto: Malamin gwani ne, murfin kuma sai haƙuri

Wanda ke da rubutun Hausa da ya shafi kuɗi, kuma yana son a tace masa shi kafin a buga, akwai wani shago a Fagge da zan iya tura shi ba tare da fargaba ba, amma da sharaɗi. Ba zan kama sunan shagon ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, su kuwa mutane ne masu neman halaliyarsu. Mai so ya same ni a rumfa, in kwatanta masa.

Sana'ata sayar da waya ce a kasuwar Farm Centre, ina kuma yi wa abokan ciniki canjin USDT, wato wani kuɗin kirifto (kuɗin intanet) da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Tun da Notcoin, wasan danna waya da ake tara kirifto da shi, ta fashe, wato ta fara biya, a watan Mayu na 2024, sannan aka shiga haukar irinta mai suna Hamster har zuwa Satumba, rumfata ta koma wajen amsa tambaya. Matan aure su aiko ƙannensu, dattawa su zo da kansu, kowa da wayarsa a hannu. Ni da abokaina biyu muka tattara bayanan da muke tura wa mutane a WhatsApp, muka mai da su ɗan littafi mai shafi arba'in da 'yan kai, muka sa masa suna Kafin Ka Tura Kuɗinka. Shi na kai shagon.

Aiki uku suke yi: buga rubutu a kwamfuta, tacewa, sai tsara shafi da bugawa. Tacewar ce ta bambanta su da sauran shagunan layin. Wani dattijo ne ke yin ta, tsohon malamin Hausa na sakandare da ya yi ritaya. Yana zuwa bayan Azahar, ya zauna a benci kusa da injin yankan takarda, da jan biro da tabarau mai igiya. Ba ya taɓa kwamfuta. Sai an fitar masa da rubutu a takarda.

Da na koma karɓar aikin, shafin farko ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. Ya ce, “Ɗana, zauna. A shafin nan kaɗai na ga Bitcoin, na ga bitcoin, na ga BITCOIN, na ga Bitcoins. Abu huɗu kuke sayarwa ko abu ɗaya?”

Na ce, “Malam, mu uku muka rubuta, kowa da hannunsa.”

Ya ce, “Mai karatu bai san ku uku ba ne. Shi littafi ɗaya ya saya. Faɗa mini yadda masu abin suke rubutawa, sai mu ga ko Hausa za ta ɗauka.”

A nan ya fara burge ni. Bai yi da'awar ya san kirifto ba, bai kuma ce shirme ne na yaran zamani ba. Tambaya ya yi. Na yi masa bayanin abin da na sani. Bitcoin ba shi da babban banki, ba shi da ofishin da zai fitar da sanarwa ya ce ga yadda za a rubuta sunan. Wanda ya ƙirƙiro shi, mai kiran kansa Satoshi Nakamoto, ya saki takardar bayaninsa mai shafi tara ranar 31 ga Oktoba 2008, tsarin ya fara aiki ranar 3 ga Janairu 2009, daga baya shi Satoshi ya ɓace bai bar wa kowa ƙa'idar rubutu ba. Abin da ya zama al'ada a wajen masu harkar shi ne: in ana nufin tsarin kansa, wato manhajar da tarin kwamfutocin da ke riƙe da kundin ciniki, sai a sa babban baƙi, Bitcoin. In kuwa ana nufin kuɗin da ake ƙirgawa, sai ƙaramin baƙi, bitcoin. Wasu jaridun Turai da Amurka ba su bi wannan ba, ƙaramin baƙi suke sawa ko'ina. BTC kuma laƙabin kasuwa ne, kullum da manyan baƙaƙe, yadda ake rubuta NGN ko USD.

Malam ya yi shiru, sannan ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne. Najeriya sunan yanka ne, da babban baƙi. Naira kuwa abin ƙirge ne, da ƙarami, sai in ita ta buɗe jimla. Ya ɗauki biro ya bi littafin layi-layi. Inda muka ce “tsarin Bitcoin ba ya rufewa ranar Lahadi” ya bar babba. Inda muka ce “ya sayi Bitcoin na dubu hamsin” ya ƙanƙanta shi. Akwai wuraren da ya kasa yanke hukunci, sai ya sa alamar tambaya a gefe ya rubuta: hanya ko kaya?

Wannan tambayar tasa ita ce ta fi komai amfani a duk kuɗin da na biya. Wanda bai yi sana'ar nan ba zai ɗauka maganar babban baƙi ado ne. A rumfa, mafi yawan kukan da nake gani daga rashin bambance hanya da kaya yake fitowa. Ethereum tsari ne, kuɗinsa ether, laƙabinsa ETH, amma kowa Ethereum yake ce wa duka biyun. USDT ya fi rikitarwa, domin kuɗi ɗaya ne da ke tafiya a kan hanyoyi da yawa: akwai na kan Tron da ake gani da alamar TRC20, akwai na kan Ethereum mai ERC20, akwai na BNB mai BEP20. Mutum zai zaɓi wata hanya, mai karɓa yana jira a wata, kuɗi su maƙale. Wani lokaci a ceto su da wahala, wani lokaci sai dai a yi masa jaje. Saboda alamomin tambayar Malam, muka sake rubuta babi guda, muka kafa ƙa'ida tun shafi na biyu cewa duk sunan da mai karatu ya gani da babban baƙi hanya ce, mai ƙaramin baƙi kuɗi ne, mai manyan baƙaƙe zalla laƙabin da zai gani a manhaja ne. Ba mu je da wannan tunanin ba. A bencin nan muka samo shi.

Maganar jam'i kuwa, nan Malam ya baje kolinsa, har yaron shagon ya bar abin da yake yi yana saurare. Ya soke duk wata s da muka liƙa a ƙarshen suna. Bitcoins, coins, tokens, duk ya bi su da jan biro. Ya ce, “Ka taɓa jin an ce nairori biyar? Ko daloli ɗari?” Bahaushe in zai ƙirga kuɗi, tilo yake amfani da shi: naira biyar, dala ɗari, fam goma, kamar yadda yake cewa kwana uku ko shekara bakwai. Lambar ita ke ɗauke da yawan. Ya zaro naira dubu daga aljihu ya nuna mini rubutun ajamin da ke jiki, naira dubu, ba nairori ba. Ya ƙara da cewa ajami ba shi da babba ba shi da ƙarami, saboda haka rabin rigimar tamu ta boko ce kawai, kakanninmu ba su san ta ba.

Ba wai jam'in babu shi ba ne. Akwai nairori, akwai daloli, kuma ya lissafo mini na zamaninsu kafin naira ta zo a 1973: kwabo da kwabbai, sule da sulalla, anini da aninai. Amma ana kawo su ne in babu lamba, in ana nufin tari ko tsaba a hannu, kamar a ce ya zo da 'yan kwabbansa, ko an yi ta watsa daloli a wajen biki. To bitcoin ba shi da tsaba. Babu abin da za ka zuba a faranti ya yi ƙara. Hoton sulen zinare mai alamar ₿ da ake sawa a labarai zane ne kawai. Ya gwada ƙera masa jam'i da bakinsa don ya nuna mini yadda zai yi nauyi, ya ce bitkoyinoyi, mu duka muka fashe da dariya, ya ce to ka ji, harshe ya ƙi.

Don haka labarin fizar nan da muka sa a babi na ɗaya, na Laszlo Hanyecz da ya ba da bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza biyu ranar 22 ga Mayu 2010, ya zauna haka, babu s. Iyakar abin da za a taɓa haƙowa ya zama bitcoin miliyan 21. Inda muke nufin iri-iri, wato bitcoin da ether da sauransu a haɗe, ya sa kuɗaɗen kirifto. Ya fi coins daɗin karatu nesa ba kusa ba. Ni dai a raina na ce ko ba don nahawu ba, jam'in bitcoin ba matsalar mutanen rumfata ba ce, domin ban taɓa ganin wanda ya shigo da guda ɗaya cikakke ba. Mu a 0.0005 muke yawo. Abin da ya fi dacewa da mu satoshi ne, ɗaya cikin miliyan 100 na bitcoin guda. Shi ma Malam ya raba shi biyu da kansa ba tare da na ce komai ba: Satoshi mutum da babba, satoshi kuɗi da ƙarami, satoshi 50,000, babu jam'i.

Akwai inda muka saɓa, kuma har yanzu ina kan bakana. Ya so a mai da sunan bitkoyin, yadda aka mai da sauran baƙin kalmomi irin su kwamfuta da asibiti. Hujjarsa ita ce c a rubutun Hausa ba k ba ce, yaron da ya koyi karatu da Hausa zai karanta bitcoin da sautin da ke cikin kalmar ciki ko coci. Gaskiyarsa ce. Amma littafin nan ba na adabi ba ne. Mai karanta shi zai ajiye shi ya buɗe manhaja, ya rubuta sunan a wajen nema. In ya rubuta bitkoyin ba zai ga komai ba, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ga wani kuɗin bogi da ɓarayi suka yi wa suna mai kama da na gaske. Irin waɗannan sun cika kasuwa. Na ce, “Malam, a yi mini afuwa a nan, sunan kaya ne, a bar shi yadda yake a jikin kwali.” Ya ce, “Littafinka ne, ɗana.” Muka tsaya a kan a faɗi lafazin sau ɗaya a farko, daga nan a ci gaba da rubutun asali. Bai ji haushi ba, bai kuma koma ya canza a ɓoye ba, wanda na san wasu masu tacewa suna yi.

Sai jinsi. A kasuwa za ka ji bitcoin ya tashi, ka ji ta faɗi, daga baki ɗaya. Malam ya ce naira da dala mata ne, bitcoin kuwa a bar shi namiji, a ce bitcoin ɗin, bitcoin ɗinka. Notcoin da Hamster ya bar su a mata, tunda ta fashe kowa ke cewa, kuma manhaja ake nufi. Wannan bai ɗauke mu minti biyar ba.

Yanzu ɓangaren da ya sa na ce da sharaɗi. Duk abin da Malam ya gyara da biro, yaron kwamfuta ne ke shigar da shi, kuma tsakanin bencin da teburin nan aiki yake lalacewa. Yaron yana da ladabi da saurin hannu, amma bai san Word na yi masa gyaran da ba a sa shi ba. Duk jimlar da ta fara da eNaira, sai manhajar ta ɗaga baƙin farko da kanta. Na samu ENaira, na samu Enaira, a shafi guda. Babban Bankin Najeriya da ya fito da kuɗin, wanda shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba 2021, eNaira yake rubutawa, ƙaramin e, babban N. Malam kansa ba ya son siffar, ya ce ta karya ƙa'ida ta gaba da ta baya, amma ya yarda suna ne da mai shi ya raɗa. Dabararsa ita ce kada a bar ta ta buɗe jimla, a ce “kuɗin eNaira” ko “ita eNaira”. Haka ya yi wa cNGN, wani kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da naira. Yaron bai lura da dalilin ba, ya ga kalma ta yi masa yawa a layi, ya cire.

Wannan mai sauƙi ne. Na biyun ya fi ba ni tsoro. A jadawalin ma'auni mun rubuta mBTC, wato ɗaya cikin dubu na bitcoin. Ya fito MBTC. A ƙa'idar awo, ƙaramin m ɗaya cikin dubu ne, babban M miliyan ne. Baƙi ɗaya ya mai da kuɗin cefane dukiyar da babu mai ita a Kano.

Na ukun shi ne adireshi. Mun sa misalin adireshin walat, wato lambar asusun da ake tura kirifto a kai, a cikin akwati don mutane su ga kamanninsa, muka ɗauki sanannen nan na farko a tarihin Bitcoin, mai farawa da 1A1zP1. Yaron ya ga akwati, ya ɗauka kanun magana ne, ya mai da shi manyan baƙaƙe duka don ya yi kyau. Tsofaffin adireshi masu farawa da 1 ko 3 suna bambance babba da ƙarami. Ka canza ɗaya, ya tashi daga aiki. An ma cire sifili da babban O da babban I da ƙaramin l daga cikinsu tun asali, don kada ido ya ruɗe. Sababbin masu farawa da bc1 da ƙananan baƙaƙe ake rubuta su, ba a gauraya. Babin da ke gargaɗin mutane kada su taɓa kwafar adireshi da hannu, shi ne aka lalata wa misali. Da ban nemi a fitar mini da gwaji na duba ba, da haka za a buga ɗaruruwa.

Murfin kuwa ban tsira ba. A CorelDraw suka tsara shi, da wani salon rubutu mai ƙiba wanda ba shi da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Abin da na gani a waya daidai ne. Abin da ya fito daga inji KAFIN KA TURA KUDINKA ne, an sauya ɗ da d saboda wurin ya fito da ɗan akwati babu komai, wani ya ga gyara ya yi. A ƙasa kuma, inda muka jera Bitcoin, USDT, eNaira, duk an mai da su manya: BITCOIN, USDT, ENAIRA. Littafin da ya kashe shafi biyu yana koyar da bambancin baƙaƙe ya fito da murfin da ya rushe bambancin. Malam bai ga murfin ba sai bayan an buga, domin a tsarin shagon ba a kai masa murfi. Da ya gani, ya cire tabarau ya ce wa mai shagon, “Alhaji, wannan ba aikina ba ne,” ya koma bencinsa.

Mai shagon ya yi abin da ya dace rabi. Shafukan ciki ya sa an gyara ba tare da ƙarin ko sisi ba. Murfi kuwa ya ce na amince da hoton da aka turo mini, ni na ce ba shi aka buga ba, muka yi ta ja, a ƙarshe muka raba kuɗin sake bugawa biyu. Ban ji daɗi ba, amma bai ɗaga murya ba, kuma na biyun ya fito daidai. Mai shagon ne kuma tun ranar farko ya tambaye ni ko buga irin wannan littafi ba zai jawo masa hukuma ba, yana tuna umarnin da Babban Banki ya ba bankuna a Fabrairun 2021 na su daina hulɗa da masu kirifto. Na gaya masa an janye shi a Disambar 2023, kuma ko a lokacin bankuna aka hana, ba masu buga takarda ba. Ya ce to madalla, a ba da rabin kuɗi.

Sauran abubuwa ba su da dogon bayani. Takardar ciki mai giram 70 ce, ba ta nuna rubutun baya sosai. Ɗinkin waya biyu ne a tsakiya, ya riƙe. Tawada ta yi baƙi yadda ake so, sai 'yan kwafi kaɗan da yankan gefensu ya karkace, suka canza mini. Alƙawarin lokaci kada ka riƙe shi da ƙarfi. In babu wuta, sai aikin ya taru kafin su tayar da janareta, kuma masu katin biki da kalandar siyasa suna gaba da kai. Farashin bugawa daidai yake da na sauran layin. Kuɗin tacewa daban ake biya, a kan kowane shafi, kuma a ganina ya yi araha ƙwarai in aka duba abin da mutumin yake yi.

Wanda zai je, ga sharaɗin. Ka rubuta jerin sunayenka a takarda guda, kowanne yadda kake so ya fito, ka ba Malam ɗaya, ka liƙa wa yaron ɗaya a jikin kwamfuta. Ka sa a kashe gyaran-kai na Word a gabanka. Kada ka amince da hoton waya. Ka ce a fitar maka da gwaji a takarda daga injin da za a yi aikin, har da murfi, ka kai wa Malam ya sake dubawa ko da za ka ƙara masa wani abu. Duk inda lamba ko adireshi yake, kai da kanka za ka bi shi baƙi-baƙi, domin wannan ba fannin kowa ba ne a shagon.

Malam ba ya zuwa ranar Juma'a, kuma ba ya karɓar tiransifa. Ka tafi da kuɗinsa a hannu.